Tambaya da Amsa: Wane Launi Ne Ke Karɓar Fatata?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni baƙa ce, ina zaune a Aboabo, cikin Kumasi. Na sayi mayafi ruwan ƙasa da hijabi ruwan toka a kasuwar Kejetia saboda an ce suna shiga da kowane kaya. Amma duk ranar da na sa su sai an tambaye ni ko ba ni da lafiya. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Wanda ya ce miki suna shiga da kowane kaya bai yi ƙarya ba, sai dai bai ce suna shiga da kowace fata ba. Fari, baƙi, ruwan toka, ruwan madara, ruwan ƙasa da shuɗi mai duhu launuka ne masu sanyi, ba sa faɗa da atamfa ko leshi. Amma mayafi da hijabi fuska suke zagayewa, kuma ido yana auna fuska ne da abin da ke kusa da ita.

Abu biyu ke faruwa. Na farko, idan duhun yadi ya zo daidai da duhun fatarki, sai fuskar ta nutse a ciki, a rasa inda haɓa ta tsaya da inda mayafi ya fara. Wannan ne laifin ruwan ƙasan da kika saya. Ruwan ƙasa bai haramta ga baƙar mace ba, amma dole ya fi fatarki haske sosai, kamar ruwan madara ko launin rairayi, ko kuma ya fi ta duhu a fili. Na biyu, yadi yana mayar da haske a kan fata. Ruwan toka mai dishi-dishi, irin na siminti, yana jefa tokarsa a ƙarƙashin haɓa da ido, sai ki ga kamar ba ki shafa mai ba. Abin ya fi muni daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da hunturu ya riga ya busar da fata.

Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Mata biyu za su iya zama baƙaƙe daidai wa daida, amma ƙasan fatar ɗaya ya karkata wajen ja-ja ko ruwan zuma, na ɗayar kuma ya karkata wajen shuɗi-shuɗi. Ga yadda za ki gane naki. Ki wanke fuska, kada ki sa hoda ko jan baki. Ki tsaya a inuwa kusa da ƙofa ko taga da hantsi, wajen ƙarfe 9 zuwa 10, riƙe da madubi. Ki ɗauko ƙyalle biyu, fari sol da ruwan madara, ki ɗora kowanne a ƙarƙashin haɓa na ɗan lokaci. Kada ki kalli ƙyallen. Ki kalli wurare uku: ƙasan ido, gefen baki, da farin ido. Wanda ya sa duhun ƙasan ido ya ragu, fuska ta yi sheƙi, shi ne naki. Sai ki maimaita da ɗankunnen gwal da na azurfa. Idan ruwan madara da gwal suka fi yi miki kyau, ki nemi ruwan zuma, launin rairayi, koren ganye mai duhu da ruwan makuba. Idan fari sol da azurfa ne, to shuɗi mai duhu, ruwan hanta da toka mai duhu irin ta gawayi su ne abokan tafiyarki. Wadda duka biyun suka yi mata, ta yi sa'a.

Wasu za su ce ki duba launin jijiyar hannu. Kada ki ɓata lokacinki, a baƙar fata jijiyar ba ta fitowa yadda za a dogara da ita.

Kuma kada ki yar da hijabin. Ki sa farar hula ko ruwan madara a ciki, ta leƙo kamar faɗin yatsa ɗaya a goshi. Wannan ɗan layin zai raba fuskarki da tokar.

Tambaya: Ina Asawase, ni wankan tarwaɗa ne. Kuɗin shadda biyu kawai gare ni, kuma ina so su yi mini Sallah, Juma'a da biki. Waɗanne launuka zan ɗauka? Abokina ya ce in sayi baƙa.

Amsa: Malam, mu dai ba za mu ce ka fara da baƙa ba. Ka san garin da kake. A Kumasi baƙi da ja kayan makoki ne a wajen Asantawa, kuma idan ka fito da baƙar shadda ranar Asabar, kada ka yi mamaki in an tare ka da gaisuwar rashi. Ban da haka, baƙi yana jan zafi, yana nuna jar ƙurar hanya, kuma shi ne ke fara koɗewa a kafaɗa da bakin aljihu.

Ka ɗauki ɗaya mai haske, ɗaya mai duhu. Mai duhun ta zama shuɗi mai duhu. Tana yin duk aikin da baƙa za ta yi, ba ta da nauyinta, kuma da wuya ka ga fatar da ta ƙi ta. Ka lura da yadda batakarin Daboya, rigar saƙin nan ta arewacin Ghana da ake rina zarenta da baba, ke zama a jikin baƙi da fari duka. Mai hasken kuma, ka gwada fari da ruwan madara a haɓarka kamar yadda muka faɗa wa 'yar'uwarmu a sama. Yawancin wankan tarwaɗa ruwan madara ya fi kwanciya musu. Abin da za ka guje wa shi ne launin kaki da ruwan ƙasa mai haske, domin sun yi kusa da fatarka, daga nesa sai a ga kai da rigar kun zama abu guda.

Wurin saye kuma a kula. Ƙwan lantarkin shago yana ƙarya: fari yana sa ruwan madara ya yi kamar toka, mai ja-ja kuma yana sa farin yadi ya yi kamar madara. Haka laima ko tamfol mai launi da ke saman rumfa. Ka roƙi mai shago ka fito da bakin yadin waje, ka karkata shi hagu da dama, domin shadda tana sauya fuska da sheƙinta. Sannan ka gaya wa tela launin zaren aikin wuya tun kafin ya yanka. Aikin wuya shi ne mafi kusa da fuskarka. A kan shuɗi mai duhu, zare ruwan toka mai haske ko ruwan madara ya isa, hula kuma ta ɗauko launin zaren.

Tambaya: An fitar da yayin bikin ƙawata, atamfar ruwan ƙwai ce mai kore, kuma sam ba ta karɓe ni ba. Ba zan iya ƙin sa ba.

Amsa: Ki sa abinki, ƙanwata, zumunci ya fi launi. Ki dai nisanta atamfar da fuska. Ki duba cikin zanen, za ki samu launi mafi duhu da aka yi wa furannin iyaka da shi, galibi baƙi, shuɗi ko ruwan ƙasa. Ki sayi mayafi zalla na wannan launin, yadi 2 ya wadatar. Ki ce wa tela ya buɗe wuyan rigar kaɗan, ya bi shi da wannan yadin faɗin inci 1 zuwa 2.

Tambaya: Hajiya ce daga Alabar. Fari yana yi mini kyau, amma fararen mayafaina duk sun koma ruwan ɗorawa. Ko in daina saye?

Amsa: A'a, Hajiya, kada ki bar abin da ya karɓe ki. Farin da ya yi ja-ja ne ke dusashe fuska, kuma sanadinsa uku ne. Man kaɗanya da hoda suna taruwa a inda mayafi ke taɓa goshi da haɓa. Turare mai mai yana barin tabo idan an fesa shi kai tsaye a yadi. Na ukun shi ne bilic: yana gyara farin auduga, amma a kan yadin roba da siliki ƙara masa rawaya yake yi, kuma ba ya komawa.

Ki bar mai ya shige jiki kamar minti 10 kafin ki yafa. A wanke wurin goshi da sabulu a ranar da aka sa, kada a ninke shi da datti a ajiye. Fari a wanke shi shi kaɗai, a ɗauraye har sai kumfa ya ƙare, domin ragowar sabulu ma yana jawo rawaya idan dutsen guga ya hau kansa. Idan auduga ce, a narkar da bula ɗan kaɗan a ruwan ɗauraya na ƙarshe, a motsa sosai kafin a tsoma, in ba haka ba za ta fito da zane-zanen shuɗi. A shanya a rana, amma a kwashe da zarar ya bushe, kada a bari ƙura ta sauka a kai.