Amsa: Da wane horo za a fara wa ma'aikata?

Malam, ka tambaya da wane horo za ku fara a kamfaninku na kayan gini a Garwa, tunda kuɗin da aka ware ba zai ishi kwamfuta, Faransanci da lissafi gaba ɗaya ba. Shawarata ita ce ka buɗe littafin shige da ficen kaya, ka duba inda asara ta fi yawa, domin a nan horo zai fi saurin mayar da kuɗinsa. Idan buhunan simintin da ke sito ba sa daidaita da abin da ke rubuce, to mai kula da sito da akawu su ne na farko, musamman da yake tun Janairun 2018 kamfanonin Kamaru da Chadi ke bin sabon tsarin lissafi na OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka. Masu jiran kanti kuwa, Fulatancinsu ya wadatar a yanzu, Faransanci zai iya jira. Abin da suke buƙata shi ne tantance saƙon biyan kuɗi ta waya na Orange Money na gaskiya kafin su saki kaya. Kwamfuta ta jira zango na biyu, a kuma sa darussan da damina, lokacin da ciniki yake ja da baya.