Sabar a ofis ko a gajimare?

Alhaji, ka ce ma'aikatanka na ofishin Maraɗi da na shagon Ɗan Issa su riƙa shiga kwamfuta ɗaya daga nesa, kana tambaya ina za a ajiye ta.

Ni dai shawarata, sabar, wato wannan babbar kwamfutar da kowa zai riƙa shiga, ta zauna a ofishinka. A wannan tsari komai a sabar yake gudana, hoton allo kawai ke zuwa wa ma'aikaci. In ka ɗauki Azure Virtual Desktop, wato hayar kwamfuta ta intanet a cibiyar kamfanin Microsoft, abin da ake kira gajimare, cibiyar tana nesa, Faransa ko Afirka ta Kudu, kowane harafi da akawu ya danna sai ya je can ya dawo. Da intanet ya yi rauni, zai danna lamba ya zauna yana jiran ta fito, ga abokin ciniki tsaye.

Windows Server da Remote Desktop Services, wato manhajar sabar da sashenta mai ba da damar shiga daga nesa, sun ishe ka, amma ka sayi lasisin kowane mutum. Ka tanadi batir da sola, da ɗaki mai sanyi, don zafin Afrilu da ƙurar hunturu ba sa barin na'ura lafiya.

Don Allah kada a buɗe ƙofar 3389, wato lambar mashigar da ake bi a shiga sabar daga nesa, ga intanet, ta nan ɓarayin bayanai ke shigowa. Na Ɗan Issa su shigo ta VPN, wato keɓaɓɓiyar hanya mai tsaro da ake shimfiɗawa a cikin intanet.