Amsoshin Tambayoyinku: Ɗurin Harsashi ga Mai Bindigar 9.3x62

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na gaji bindigar farauta daga kawuna, mai cin harsashin 9.3x62, har na yi mata lasisi da sunana. Damuwata ita ce harsashinta yana wuyar samu. Wani abokina ya ce in sayi kayan ɗuri in riƙa haɗa nawa da kaina. In bi shawararsa, ko in sayar da ita in sayi .30-06 kamar kowa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan kawu. Ɗan'uwa, kada ka sayar. Abin da ke hannunka ba ƙaramin abu ba ne. Wani maƙerin bindiga a Balin ta Jamus mai suna Otto Bock ne ya ƙirƙiro wannan harsashi a 1905, domin masu farautar manyan namun daji su samu harsashi mai ƙarfi da zai shiga bindigar Mauser ta yau da kullum, ba sai sun sayi mai tsada ba. Har gobe masu harbin aladen daji a Jamus da mafarautan Suwidin da Norwe suna ji da shi.

Shawarar abokinka tana kan hanya, domin irin wannan harsashin da ba kowa ke da shi ba shi ne ya fi cancantar ɗuri da hannu. Amma kafin ka kashe ko sisi, binciki dokar ƙasar da kake. A Jamus sai ka yi kwas ka karɓi izini na musamman kafin a sayar maka da albarushi, wasu ƙasashen kuma sun hana ɗurin gaba ɗaya. In doka ta ba ka dama, fara da sayen littafin ɗuri na kamfani irin Hornady, Nosler ko Norma, sannan sikeli mai kyau da ma'aunin tsawo. Injin matsi da ƙarafan daidaita kwanso, wato ɓawon harsashi da ake zuba albarushi a ciki, su biyo baya. In da hali, zauna kusa da wanda ya daɗe a harkar ka ga hannunsa.

Tambaya: Malam, na ga kawunan harsashi iri-iri na 9.3, masu nauyi daga giren 232 har zuwa 325 (giren shi ne ma'aunin nauyin kan harsashi). Wasu dalma ce a ciki, wasu jan ƙarfe zalla. Wanne zan ɗauka? Farautata ta fi yawa a kan gadu da gwanki, amma ina da burin ɓauna wata rana.

Amsa: Nan ne ya kamata ka ɓata lokacinka, domin kan harsashin ne kaɗai ke isa jikin dabba. Faɗinsa inci .366 ne. Na .358 da na .375 suna kama da shi a ido, amma ba nasa ba ne, kada ma su kwana a akwati ɗaya.

Nauyin da aka san harsashin da shi giren 286 ne, wato giram 18.5, yana fita da gudun mita 720 ko kusa da haka a daƙiƙa. Wannan gudun matsakaici ne, kuma a nan alherinsa yake. Kan harsashi mai nauyi da ba ya tsananin gudu ba ya tarwatsewa idan ya haɗu da ƙashi, yana buɗewa a hankali ya ratsa ciki, naman da yake lalatawa kuma kaɗan ne. Shi ya sa a kan gadu da gwanki ko kai na talaka, dalma a cikin rigar jan ƙarfe irin InterLock na Hornady, yana yin aiki tsaf, kuma da shi za ka yi atisaye ba tare da aljihu ya ji jiki ba.

Idan kana son kai guda da zai yi maka komai, ni Partition na Nosler ko Oryx na Norma nake zaɓa. Partition, wanda John Nosler ya fara ƙerawa a 1948, yana da katanga a tsakiya: gaba ya buɗe, baya ya riƙe nauyinsa ya ci gaba da tafiya. Oryx kuwa an manne dalmarsa da rigar, don haka ba sa rabuwa. A-Frame na Swift ya haɗa dabarun biyu, kuma shi zan fi amincewa da shi a gaban ɓauna.

Na jan ƙarfe zalla, irin TSX na Barnes, suna ratsawa sosai, a wasu wuraren ma dole ne: Kalifoniya ta hana farauta da dalma tun 2019, Denmak ta hana ta a harsashin bindigar farauta a 2024. Sai dai jan ƙarfe bai kai dalma nauyi ba, don haka kan ya fi tsawo, yana cin wurin albarushi a cikin kwanso, kuma yana buƙatar gudu kafin ya buɗe. Idan shi za ka ɗauka, sauko zuwa giren 250, kuma ka yi aiki da awon da kamfaninsa ya wallafa, ba na kan dalma ba, ko da nauyinsu ɗaya ne.

Batun ɓauna kuwa, ƙasashe da dama suna gindaya mafi ƙarancin girma ko ƙarfin harsashi a kan dabbobi masu haɗari, wasu ba sa karɓar abin da bai kai .375 ba. Tambayi hukumar wurin tun kafin ka ɗaura niyya. Abin da nake roƙonka shi ne ka tsaya a kan kai guda da bindigarka ta amsa, ka sayi mai yawa ka ajiye. Kayan harsashin da ba a cika nema ba su ne kamfani ke fara dakatarwa idan kasuwa ta matse.

Tambaya: An ce ana iya faɗaɗa kwanson .30-06 ya koma 9.3x62. Kuma ina da tsofaffin kwansuna na Turai da na tara. Sannan wani ya ba ni awon albarushin da ya ce zai ƙara mini gudu sosai.

Amsa: Ana iyawa, amma ban ba ka shawara ba. Gindin .30-06 ya ɗan fi siranta, kafaɗarsa ba a wuri ɗaya take ba, kuma rubutun da ke gindinsa zai riƙa faɗin sunan wani harsashi dabam. Lapua, Norma da Prvi Partizan duk suna yin kwanson 9.3x62 na ainihi. Tsofaffin naka kuwa, haska cikinsu da tocila. Rami ɗaya a tsakiya nau'in Boxer ne, yana ɗuruwa cikin sauƙi. Ƙananan ramuka biyu nau'in Berdan ne, zai karya maka allurar cire firaima, wato ɗan abin da ke kunna albarushi a gindin kwanso, ka ware su gefe.

Wancan awon da aka ba ka, yaga takardar. Ba ka san bindigar da aka gwada shi a ciki ba, wataƙila ma na 9.3x64 ne, mai kwanso mafi girma. Iyakar matsin da CIP, hukumar ƙasa da ƙasa mai gwajin bindigogi da harsasai, ta sa wa 9.3x62 shi ne 3,900 a ma'aunin matsi na bar, kuma ba ka da na'urar auna shi a gida. Fara daga awon farko da littafi ya nuna, ka ƙara kaɗan-kaɗan, kada ka wuce na ƙarshe. Idan sakatar bindiga ta yi tauri wajen buɗewa, ko firaima ta baje, ko ka ga tabo mai sheƙi a gindin kwanso, dakata nan take, ka warware sauran harsasan da ka ɗura da wannan awon.