Ruwan tufana: tarihi ne ko misali?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ruwan tufanan Annabi Nuhu ya rufe duniya kakaf kamar yadda Farawa 6 zuwa 9 ta faɗa a Littafi Mai Tsarki, ko kuwa misali ne kawai. Na daɗe ina koya wa yara labarin nan a makarantar Lahadi, amma bai shige ni ba sai daren 3 ga Yuni, 2015.

Lokacin ina zaune a unguwar Alajo a birnin Accra. Kogin Odaw ya cika ya batse, ruwa ya shigo mana ɗaki har ƙirji, muka ɗora yara a kan rufi. A shataletalen Circle kuma wuta ta tashi a gidan mai, mutum sama da 150 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Da gari ya waye wata tsohuwa maƙwabciyarmu tana ta cewa duniya ta nutse. Ba ƙarya ta yi ba, iyakar ganinta ruwa ne. Amma Aburi, garin da ke kan duwatsu kusa da Accra, tana nan a kan tudunta.

Da wannan ido nake karanta "dukan duniya" yanzu. Ai Farawa 41:57 ma ta ce dukan duniya ta je Masar sayen hatsi wurin Yusufu, kuma ba wanda ke cewa har da mutanen Amurka.

Ruwan kam na yarda an yi shi. Ƙasar Iraƙi ta yau, tsakanin Dijla da Furat, shimfiɗaɗɗiya ce, ambaliya ba baƙuwarta ba ce. A 1929 Leonard Woolley, mai binciken kayan tarihi, ya tono taɓon ambaliya mai kauri a tsohon birnin Ur, ko da yake daga baya an gane bai game ƙasar duka ba. Tun 1872 wani masani, George Smith, ya karanta allon yumɓu daga Nineba, tsohon labarin sarki Gilgamesh, ga jirgi, ga kurciya da hankaka da aka saka su dubo tudu. Mutanen yankin ba su manta da ruwan ba.

Amma duba nassin da kanka. A Farawa 6:19 dabbobin da za a shigar cikin jirgi biyu-biyu ne, a 7:2 masu tsarki bakwai-bakwai. Wanda ya rubuta wannan ba takardar kwastan ta tashar jiragen ruwa ta Tema yake cikawa ba, hukunci da jinƙai ne a gabansa. Manzo Bitrus da kansa ya ɗauki ceton mutum takwas da ke cikin jirgin a matsayin kwatancin baftisma, 1 Bitrus 3:20-21. Augustine kuwa, babban malamin Kirista na zamanin dā, ya riƙe biyun: abin ya faru, jirgin kuma hoton ikkilisiya ne. Ni ma can na tsaya, sai dai faɗin ruwan ne na rage.

Wani malamin allo abokina a unguwar Nima yakan tsokane ni wurin mai shayi, wai mu duwatsun Ararat muka ce, Alƙur'ani kuwa a Suratu Hud ya ce a kan dutsen Judi jirgin ya tsaya. Shekara goma muna wannan gardama, kuma har yau ni nake biyan kuɗin shayin.