Amsa ga Yayata a Gusau kan garin da muke sha a madadin abinci

Yaya, kin tambaye ni ko gaskiya ne matanmu na nan Ingila sun bar tuwo sun koma dama gari a kofi suna sha, kuma ko zan aiko miki da gwangwani biyu, tunda likita ya ce suganki ya fara hawa, gwiwoyi kuma sun fara damunki. Akwai gaskiya a abin da kika ji, sai dai rabin labarin aka ba ki. Idan kika ji yadda muke amfani da shi, ke da kanki za ki ga abin da ya hana ni rugawa kanti in saya miki.

Mace za ta baro gida da jikinta daidai, ta yi 'yan shekaru a Mancesta ko Bamingam, sai ki ga ɗinkunan da ta zo da su sun daina shigarta. Tuwo kuwa sai ranar hutu muke samun sukunin tuƙawa. Zaman ɗaki da ciye-ciye ne ke mana wannan aiki. A watan Disamba kafin ƙarfe 4 na yamma rana ta faɗi, sanyi ya hana ki leƙa waje, babu gidan suna ko gaisuwar mutuwa da za ki taka da ƙafa kamar yadda kuke yi daga Tudun Wada zuwa Sabon Gari. Da yawanmu aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya muke yi, har da na dare, ɗakin hutun ma'aikata kuma ba ya rabuwa da biskit da cakulan. Biskit guda irin wanda suke tsomawa a shayi yana da kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, wajen 70, kuma ba mai tsayawa a guda. Ƙaramin gwangwanin Coca-Cola yana ɗauke da suga giram 35, kusan cokalin shayi 9. Mace za ta ce miki yau ba ta sa komai a bakinta ba, kuma har zuciyarta gaskiya take faɗa, domin mu abin da ba a zuba a kwano an zauna an ci ba, ba ma lissafa shi cikin abinci.

Shi garin, madara ce ko waken suya aka sarrafa, aka ƙara masa bitamin da sauran sinadaran da jiki ke buƙata, aka auna shi yadda kofi ɗaya zai ba da kalori wajen 200. Babu maganin narkar da kitse a cikinsa. Aikinsa aikin mudu ne: ya auna miki abin da zai shiga cikinki, ya ɗauke miki shawarar "me zan ci", wadda a wurinta ne yawancinmu muke faɗuwa. Furotin ɗin da ke ciki kuma yana riƙe ciki fiye da burodi da shayi.

Hanya biyu ake bi da shi a nan. Ta farko ta likita ce, kuma tana da asali. A shekarar 2017 aka fitar da sakamakon wani bincike da ake kira DiRECT, wanda Farfesa Roy Taylor na Jami'ar Newcastle da Farfesa Mike Lean na Jami'ar Glasgow suka jagoranta, a kan mutum kusan 300 masu ciwon suga nau'i na biyu. Rabinsu aka ɗora su a kan wannan garin kaɗai, kalori 800 da 'yan kai a rana, na wata 3 zuwa 5, sannan aka dawo da su kan abinci sannu a hankali. Bayan shekara guda, kashi 46 cikin 100 na waɗanda suka bi tsarin sugansu ya daidaita ba tare da magani ba. Bayan shekara biyu, kashi 36 ne suka rage a haka. Bayanin Farfesa Taylor shi ne kitsen da ya taru a hanta da gaɓar da ke samar da insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini, ne yake toshe aikinsu, idan ya ragu sai su farfaɗo. Daga nan hukumar lafiya ta NHS ta ɗauki tsarin: mako 12 na garin da miyar da aka auna, sai sauran shekarar a koya wa mutum cin abinci daga farko. Ba kowa ake ɗauka ba. Sai wanda bai wuce shekara 6 da gano ciwon ba, ba a ɗaukar mai ciki ko mai shayarwa ko mai allurar insulin, kuma ranar da za a fara, likita ne ke rage ko tsayar da wasu magungunan suga da na hawan jini, don kada sugan ko jinin ya faɗi ƙasa mutum ya yanke jiki.

Hanya ta biyu ita ce wadda yawancin matanmu suke bi: su sayo a kanti, su maye abincin rana na wurin aiki da kofi ɗaya, da dare su ci abinci tare da iyali. Muna duba jikin gwangwanin saboda halal, wadda madara ke kumbura wa ciki kuma ta nemi na waken suya.

Abin da ya fi ba mu wahala zumunci ne, Yaya, ba yunwa ba. Kin san halinmu. Mu nan ba mu da yawa, saboda haka suna ɗaya zai tara mata daga garuruwa uku, kowacce ta kwana tana suyar waina da cincin da naman kaza, wata ta fito da kilishin da aka kawo mata daga gida ta ɓoye shi don wannan rana. A ce an ajiye miki faranti kin ture, ai kin ci fuskar mai gida. Da farko an sha ɓacin rai a kan wannan. Akwai dattijan da suka riƙa jan mace gefe suna tambayarta ko maigidan ne ya gaza, ko wata damuwa ce take ɓoyewa, domin a idonmu rama alamar wahala ce, ƙiba kuma alamar hutu. Sai da muka ga 'yan'uwanmu masu shekara arba'in da 'yan kai suna yawo da jakar magani kafin tunanin ya fara juyawa. Yanzu al'adar da ta zauna a tsakaninmu ita ce wadda ke kan tsari ta kira mai taro tun kafin ranar ta faɗa mata. Za ta zo, ta kama aiki, ta zauna cikin mutane da ruwanta ko shayi ba suga, a ƙulle mata rabonta ta kai wa yara. Ba mai cewa "haba, ɗan taɓa mana". Ni a ganina wannan ya fi garin kansa amfani, domin wadda ba a matsa mata a taro ita ce ke kai tsarin ƙarshe. Har yanzu dai idan ɗayarmu ta zo gida hutu, gaisuwar farko da take samu ita ce "lafiya kika rame haka?"

Wahalarsa kuma ba ɓoyayya ba ce. Makon farko akwai ciwon kai da jiri da jin sanyi, ciki yana ɗaurewa sai an yawaita ruwa, saurin ramewa kuma yana iya jawo tsakuwa a matsarmama. Na kuma ga mata da yawa sun sauke kilo mai yawa, suka ajiye kofi, suka koma wa biskit ɗinsu, kafin shekara ta zagayo jikin ya dawo. Waɗanda suka ɗore su ne waɗanda suka daina shigo da kayan ƙwalama gida gaba ɗaya, suka tsayar da lokacin cin abinci, suka gyara barcinsu.

Shi ya sa nake so ki fara duba tsakanin karin kumallo da tuwon dare. Fanken da yarinya ke shigowa da shi da hantsi, hoce da ƙuli, awarar la'asar, tuwon madara da gullisuwar da ake saya don jikoki a ƙare da rabi a bakin kaka, zoɓo da kunun aya da aka cika wa suga, lemon kwalba idan baƙo ya zo. Cokalin miya ɗaya na man gyaɗa kalori wajen 120 ne, ki ƙiyasta abin da awara ke sha a kasko. Kuna da abin da mu muke nema da kuɗi mu rasa: zogale da rama ɗanyu, wake, ƙwai, kifi, nono marar suga. Malmala ɗaya da miya mai yawan ganye, maimakon biyu, za ta yi miki rabin aikin garin nan. Don Allah kuma ki yi nesa da shayin rage tumbi da ake tallatawa a WhatsApp. Da yawansu filasko ne a ciki, gudawa kawai za ki yi ki zubar da ruwan jikinki, wasu ko lambar NAFDAC ba su da ita.

Ki koma wurin likitanki, ko ki je Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke nan Gusau, ki nemi gwajin da ke nuna matsakaicin suga na wata uku, a duba hawan jini da ƙoda. Ki tambaye shi kai tsaye ko ya yarda ki maye abinci ɗaya a rana da garin, da yadda za a yi da magungunanki idan kin fara. Idan ya amince, mai zuwa gida na gaba zan ba ta ta kawo miki. Ki turo min hoton takardar gwajin da kwalayen magungunan in gani. A gaida Inna da yara.