Dalilin da ya sa nake rubuta lambar kwali a fayil ɗin mara lafiya

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa nake tilasta maka kwafe lambar da kamfani yake bugawa a jikin kwalin wayar ɗaure haƙora da na 'yan ƙarafan da muke mannawa a haƙora, ka rubuta ta a fayil ɗin kowane mara lafiya, alhali wasu asibitocin ba sa yi. Da a kan wanke filaya da turara ta ka yi tambaya, da ban amsa maka ba, domin wanda bai san ana turara kayan aiki a zafin digiri 134 na aƙalla minti 3 ba, ko bai san ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya yin mako guda da ranta a busasshen jini ba, bai kamata ya sa hannu a bakin mutum ba. Amma wannan tambayar ta fama mini wani miki da har yau bai warke ba.

Akwai wani dillali da na yi shekaru ina sayen kaya a hannunsa, har ɗaurin auren 'yarsa na halarta. Ya kawo mini ƙarafa a kwalin kamfanin da na saba da shi, da hatiminsa, kuma cikakken kuɗi na biya. Ƙarfen gaskiya yana ɗauke da kromiyam kusan kashi 18 cikin ɗari da nikel kusan kashi 8, kuma kromiyam ɗin ne yake hana shi tsatsa a bakin da kullum yake jiƙe da miyau, ga ɗumi, ga tsamin lemo da zoɓo, har tsawon wata 18 zuwa 24 da aikin yakan ɗauka. Nasa jabu ne.

Bayan 'yan watanni wata uwa ta kawo mini 'yarta budurwa, dasashinta ya kumbura, leɓɓanta suna ƙaiƙayi, uwar tana ta yi mata faɗan ba ta goge baki. Da na haska fitila, sai na ga zanen tsatsa ja a cikin tsagar da waya take bi, ina taɓa kunnen ƙarfen da filaya ya ɓalle. Na tambaye ta ko ɗan kunne mai araha yana sa mata ƙuraje, ta ce ƙwarai kuwa. Jikinta ba ya shiri da nikel, ga shi ruɓaɓɓen ƙarfe yana sakar mata shi dare da rana.

A daren nan na bi fayilolina ɗaya bayan ɗaya, na ware duk wanda yake ɗauke da lambar wannan kwalin, na kira su kafin nasu ya nuna. Ba don rubutun da kake raina wa ba, da sai in cire wa kowa ko in zauna ina jiran wanda bakinsa zai kumbura. Kuma cirewar ba wasa ba ce, domin sai an kankare gam daga farin ɓawon haƙori, wanda idan ya tafi ba ya dawowa, sannan a sake shafa asid ɗin fosforik mai ƙarfin kashi 37 kafin a manna sabo. Duk na yi shi kyauta, da kayan da na sake saya daga aljihuna. Wani uba ya janye 'ya'yansa, ya shiga gari yana cewa ƙarfe mai tsatsa nake sa wa mutane.

Shi kuwa dillalin ya rantse cewa kayan ba daga hannunsa suka fito ba, ya nuna rasit ɗin da ya rubuta da dabara, ba lamba a ciki sai yawan kwali da kuɗi. Daga nan ya daina ɗaukar wayata. Ko kwabo bai mayar mini ba, kuma har yanzu yana yawo da jakarsa a asibitoci, abin da yake ƙona mini rai ke nan fiye da kuɗin.

Ku yaran yanzu rubutu yana yi muku nauyi, kuna kallon gyaran haƙori a waya kuna ganin kun iya, har wasunku suna manna wa 'yan mata ƙarfe don ado a shago ba tare da hoton ƙashi ba. A wurina ba za a yi haka ba. Daga gobe kai ne za ka riƙa karɓar kaya: ka duba rajistar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, da ranar lalacewar gam, ka tabbata lambar kwali ta shiga rasit, dillali ya sa hannu a ƙarƙashinta a gabanka. Wanda ya ƙi, ka mayar masa da kwalinsa ko da ɗan'uwana ne.