Tambayi Likita: Wa Ke da Ta Cewa Idan Bugun Zuciya Ya Rikice?

Wasiƙun da suka zo mini a wannan makon sun taru ne a kan rikicewar bugun zuciya, musamman abin da ke faruwa a ɗakin ganin likita idan aka zo maganar zaɓen magani. Na ɗauki guda biyar, na cire sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Tambaya: Likita, mahaifina yana da shekara 68, yana fama da hawan jini da ciwon suga. Mun kai shi asibiti saboda haki da faɗuwar gaba, aka yi masa awon zuciya, aka ce bugunta ya rikice. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, likitan ya ambata mana magungunan tsinka jini iri biyu, ya ce mu je mu yi shawara mu zaɓi ɗaya. Ashe ba aikinsa ba ne ya zaɓa? Daga wani malamin makaranta a Tudun Wada.

Amsa: Malam, Allah ya ba Baba lafiya. Likitan nan ya yi abin da ya dace, amma kafin ka yarda da ni sai ka fahimci ciwon tukuna.

Zuciya ɗakuna huɗu gare ta, biyu a sama, biyu a ƙasa, kuma akwai wani ɗan wuri a ɗakin sama na dama wanda yake sakin lantarki a kan tsari, shi ne yake sa ta bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya idan mutum yana hutawa. A irin rikicewar da aka fi samu ga dattawa, ɗakunan sama sukan daina matsewa yadda ya kamata, sai karkarwa kawai suke yi, shi ya sa idan ka ɗora yatsa a wuyan hannun Baba za ka ji bugun yana zuwa babu tsari, wani da ƙarfi, wani kamar ba ya nan. Haɗarin da muke tsoro shi ne, jinin da bai samu turawa sosai ba yakan kwanta a wani ɗan aljihu da ke jikin ɗakin sama na hagu ya daskare, wata rana gudan ya ɓalle ya je ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa, mutum ya wayi gari da shanyewar ɓarin jiki. Mai wannan ciwon ya fi wanda ba shi da shi shiga wannan haɗari da kusan ninki biyar, kuma maganin tsinka jini yana rage kusan kashi biyu cikin uku na haɗarin.

Akwai lissafin maki da muke yi don sanin wanda ke buƙatar maganin. Hawan jini maki ɗaya ne, ciwon suga ɗaya, gazawar zuciya ɗaya, shekara 65 zuwa 74 ɗaya, daga 75 zuwa sama biyu, wanda kuwa ya taɓa samun shanyewar jiki yana da biyu. Baba yana da uku ke nan, alhali daga biyu ake ba namiji shawarar fara magani. Wannan ɓangaren aikin likita ne, kuma ya riga ya yi shi.

Abin da ya rage muku shi ne wanda likita ba zai iya gani a takardar awo ba. Tsohon maganin, wato wafarin, yana da araha, amma yana buƙatar awon jini da ake kira INR a kai a kai, da farko kusan kowane mako, daga baya kamar wata wata, domin a tabbatar sakamakon yana tsakanin 2 da 3. Idan ya yi ƙasa babu kariya, idan ya yi sama jini na iya ɓallewa. Sababbin magungunan, irin su ribarozaban wanda aka fi sani da Xarelto da afiksaban wanda aka fi sani da Eliquis, ba sa buƙatar wannan zirga-zirgar, sai duba ƙoda lokaci zuwa lokaci, kuma ba su kai wafarin haddasa zubar jini a cikin ƙwaƙwalwa ba, amma kuɗinsu ya ninka nasa sau da yawa, sannan ƙarfinsu yakan fita daga jiki cikin kwana ɗaya ko biyu idan aka daina sha. To wa ya san ko albashinka da gudummawar 'yan'uwanka za su ɗauki wannan nauyin shekara da shekaru? Wa ya san ko akwai mai kai Baba awo duk wata, ko Baba mutum ne mai mantuwa? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda ke zaune a Tudun Wada, da ɗakin awo kusa da shi, lissafinsa daban yake da na wanda zai taso daga wani ƙauyen Soba ko Giwa da damina.

Mun taso da tarbiyyar cewa ba a ja da likita, don haka sau da yawa nakan rubuta magani mai tsada, mara lafiya ya ce mini "sai yadda ka ce, Likita", ya fita, ya sayi na kwana goma ya raba shi wata guda saboda kunyar faɗa mini cewa babu hali. Da ya faɗa, da mun zaɓi wanda zai iya riƙewa. Ku koma wurin likitanku ku gaya masa halin aljihunku ƙarara, ku tambaye shi lafiyar ƙodar Baba da alamun zubar jini da za ku lura da su. Kada wani ya ce muku asfirin zai wadatar, domin kariyarsa a wannan ciwon kaɗan ce. Kuma ka lura, Malam, shawarar ta Baba ce kafin ta zama taka, don haka a zauna da shi a yi masa bayani da Hausa.

Tambaya: Shekarata 34, an ce ɗaya daga cikin ƙofofin zuciyata ta tsuke tun ciwon gaɓoɓi da na yi ina yarinya, kuma bugun ya rikice. Shekara biyu ke nan ina shan wafarin, na gaji da awon jini. Zan iya komawa sabon maganin? Kuma ina son ƙara haihuwa. Daga wata matar aure a Samaru.

Amsa: 'Yar'uwa, a nan zaɓinki ya yi ƙunci, kuma gara in faɗa miki gaskiya. Wanda ƙofar zuciyarsa ta tsuke sosai sakamakon zazzaɓin gaɓoɓi, da wanda aka sa wa ƙofar ƙarfe, wafarin ne maganinsu. Wani babban bincike da aka wallafa a 2022, wanda ya haɗa marasa lafiya fiye da 4,500 daga ƙasashe 24, ya gwada ribarozaban da wafarin ga masu irin ciwonki, kuma mace-mace sun fi yawa a cikin waɗanda suka sha sabon maganin. Shiga cikin shawara ba ya nufin kowace ƙofa a buɗe take, amma haƙƙinki ne a gaya miki dalilin da ya sa aka rufe wadda aka rufe.

Inda kike da iko sosai shi ne wajen daidaita awon, domin idan sakamakon ya zauna wuri ɗaya likita zai iya tsawaita tazarar zuwanki. Ganyaye irin su alayyafo da zogale da kabeji suna ɗauke da sinadarin da ke rage ƙarfin wafarin. Ba a ce ki daina ci ba, abin da ake so shi ne kada ki yi mako biyu kina cin kwaɗon zogale kullum sannan ki yi wata ba ki taɓa ganye ba. Flagyl da Septrin kuwa suna ƙara masa ƙarfi har ya kai ga zubar jini, magungunan ciwon jiki irin su diklofenak da ibufurofen su ma suna jawo zubar jini a ciki, saboda haka kada mai kemis ya haɗa miki komai sai kin gaya masa abin da kike sha.

Maganar haihuwa ita ce ta fi muhimmanci a wasiƙarki. Wafarin yana iya illata halittar jariri, musamman tsakanin mako na 6 da na 12 na ciki, lokacin da mata da yawa ba su ma tabbatar da cikin ba. Shi kansa cikin yana ƙara yawan jinin da zuciya za ta tura da kusan rabi, nauyin da tsukakkiyar ƙofa ba lallai ta iya ɗauka ba. Ki je tare da maigidanki kafin ki ɗauki ciki, a yi miki hoton zuciya a ga girman tsukewar, a tsara ko za a fara buɗe ƙofar, da lokacin da za a mayar da ke kan allurar tsinka jini da ake kira hefarin. Idan Allah ya sauke ki lafiya, ki yi hattara da kunun kanwa da yawan gishiri. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello suka yi rubuce-rubuce a kan gazawar zuciyar masu jego a nan Zariya, inda suka danganta ta da kanwa da zafin wankan jego.

Tambaya: Ina shan maganin tsinka jini sau biyu a rana da maganin sa fitsari. Zan iya yin azumi? Kuma na saba yin ƙaho duk shekara. Daga wani ɗan kasuwa a Sabon Gari.

Amsa: Alhaji, da yawa daga cikin masu wannan ciwon suna azumi lafiya, amma shirin tun Rajab ko Sha'aban ake fara shi tare da likita. Zai iya amincewa ka sha ɗaya da sahur ɗaya da buɗa-baki, ko ya mayar da kai kan na sau ɗaya a rana idan ƙodarka da aljihunka sun yarda. Maganin fitsarin ne ya fi ba ni tsoro, domin ƙishirwar awa goma sha uku zuwa sha huɗu a cikin rumfar kasuwa tana iya taɓa ƙoda ta rikita gishirin jini, wanda shi ma yana ƙara dagula bugun. Idan kana haki ko ƙafafunka suna kumbura, rangwamen da Suratul Baƙara ta yi wa mara lafiya ya shafe ka. Ƙaho kuwa ka haƙura da shi, kuma kada ka ajiye magani don ka samu damar zuwa wurin wanzami. Ko haƙori za a cire maka, ka fara faɗin abin da kake sha.

Tambaya: An ce za a jona mini lantarki a ƙirji don bugun ya daidaita, ni kuwa ina tsoro. Dole ne? Daga wani ma'aikacin gwamnati a Kwangila.

Amsa: Ba dole ba ne, Malam, sai idan ciwon ya taso da gaggawa har awon hawan jini ya faɗi ƙasa sosai. Hanyoyi biyu ne. Ko a bar bugun a rikicensa a rage masa gudu da magani irin su bisofurolol ko digoksin, ana neman ya dawo ƙasa da 110 a minti, ko kuma a yi ƙoƙarin mayar da shi kan tsari. Jonawar da kake tsoro ana yin ta ne bayan an sa ka ɗan gajeren barci, kuma akan buƙaci ka sha maganin tsinka jini aƙalla mako uku kafin ta da mako huɗu bayanta. Sai dai rikicewar takan dawo wa mutane da yawa, maganin amiyodaron da ake riƙe bugun da shi kuma yana iya taɓa maƙoƙo da huhu da hanta. Abin da zai raba gardama shi ne yadda ciwon yake damunka: idan hawa bene ɗaya a ofis ya gagare ka, kuma ciwon bai daɗe ba, ni zan karkata ga gwadawa. Ka gaya wa likitanka abin da ka daina iya yi, kada ka tsaya a kan "da sauƙi".

Tambaya: Mahaifiyarmu mai shekara 74 ta ƙi shan wafarin, ta ce lafiyarta ƙalau, kuma wai ta ji maganin ɓera ne. Yayana ya ce mu riƙa daka mata shi a kunu. Ya halatta? Daga wata baiwar Allah a cikin birnin Zariya.

Amsa: Malama, kada ku yi haka. Matar da ba ta san jininta a tsinke yake ba za ta iya faɗuwa a banɗaki ta bugu a kai ta yi shiru, ko ta ga baƙin bayan gida ta ƙi faɗa, ko maƙwabciya ta kawo mata jiƙo ta sha, ga kuma awon jinin da ba za ku iya yi mata a ɓoye ba. Ranar da ta gane kuwa, ko maganin hawan jini ba za ta ƙara karɓa daga hannunku ba.

Abin da Hajiya ta ji yana da tushe, kuma musa mata zai ƙara mata zargi ne kawai. A 1948 aka fara sayar da wafarin a Amurka a matsayin gubar ɓera, a 1954 aka amince da shi ga mutane bayan an gano yadda za a auna shi, kuma wannan aunawar ce dalilin awon da ake yi. Batun jin lafiya kuwa, mutane da yawa ba sa jin komai har ranar da shanyewar ta zo. Ku mayar da ita wurin likita, ku nemi a yi magana da ita kai tsaye, ku kuma ku yi shiru ta yi tambayoyinta, domin na sha ganin 'ya'ya suna amsa kowace tambaya alhali uwar tana zaune tana kallon ƙasa. Idan sunan wafarin ne matsalar, kuma hoton zuciya ya nuna ƙofofinta lafiya suke, wataƙila ta karɓi ɗaya daga cikin sababbin.

Idan ta fahimta sarai, hankalinta ƙalau, ta ce duk da haka ba ta so, to haƙƙinta ne, kuma akan sake ɗauko maganar a zuwa na gaba. Kafin nan ku tsare mata maganin hawan jini, kuma kowa a gidan ya san alamun nan: karkacewar baki, mutuwar hannu ko ƙafa a ɓari ɗaya, da sarƙewar magana farat ɗaya. Da zarar kun ga ɗaya, ku duba agogo ku riƙe lokacin, kada ku ba ta ruwa ko rubutu ta baki don tana iya shaƙewa, ku wuce da ita asibitin koyarwa na Shika kai tsaye ko da tsakar dare ne.